Yadda ake ɗora Windows 98 a cikin kwamfutar kwaikwayo ta 86Box

Tsohuwar babbar manhaja kamar Windows 98 ba kasafai take ƙin tashi don an rage mata wani abu ba. Yawanci tana ƙi ne don an ba ta abin da ya fi ƙarfinta: RAM mai yawa, faifan ajiya mai girman da ba ta san lissafinsa ba, ko furosesa mai gudun da babu shi a zamaninta. Saboda haka babban aikin yana wajen zaɓen kayan kwamfutar da za a kwaikwaya. In ka haɗa mata kwamfuta irin ta shekarar 1997 ko 1998, sauran matakan kusan su tafi da kansu.

Kwaikwayo daban, aron furosesa daban

Manhajoji irin su VirtualBox da VMware suna barin baƙuwar manhajar, wato wadda aka ɗora a cikinsu, ta yi aiki kai tsaye a kan furosesar kwamfutarka ta yau. Hakan na ba da gudu, amma Windows 98 na da kuskure a yadda take sarrafa ƙwaƙwalwa wanda ke fitowa fili a kan sababbin furosesa, irin AMD Ryzen da Intel na baya-bayan nan. Sai ka ga an kusa gama ɗorawa Explorer ya faɗi, ko a yi ta kukan wani fayil na DLL. Kuma VirtualBox ba ta da direbobi (ƙananan manhajojin da ke sarrafa kayan kwamfuta) na Windows 98, don haka hoto kan tsaya a launi 16.

86Box kuwa, wadda ta samo asali daga PCem, kwaikwayon kowane ɓangare take yi ɗaya bayan ɗaya: furosesa, babban allon kwamfuta (motherboard) da BIOS ɗinsa na ainihi, wato manhajar da ke tayar da shi, katin hoto, katin sauti, har da na'urar fulofi. Windows ba ta da hanyar gane cewa ba a kan kwamfuta ta gaske take ba. Kuɗin da ake biya shi ne nauyi. Kwaikwayon furosesar yana tafiya ne a kan zare ɗaya, don haka yawan ƙwayoyin (cores) furosesarka ba ya ƙara komai, ƙarfin ƙwaya ɗaya ne abin dubawa.

Kayan da za ka tanada

- Manhajar 86Box daga shafinta na asali, wadda ta dace da Windows, Linux ko macOS.
- Tarin fayilolin ROM na 86Box, wato kwafin BIOS na alluna da katunan da take kwaikwaya. Ana sauke shi daban, a warware shi a cikin folda mai suna roms kusa da manhajar. In babu shi 86Box ba ta buɗewa, sai dai ta ce ba ta ga ROM ba. Ka tabbatar sigar tarin ta yi daidai da sigar manhajar, in ba haka ba wasu alluna da katuna za su ɓace daga jerin zaɓi.
- Hoton faifan CD na Windows 98, wato cikakken kwafinsa, a fayil ɗin ISO. Second Edition ta 1999 ta fi ta farko ta 1998 kwanciyar hankali, ita ce za a fi so.
- Lambar lasisi mai haruffa 25. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 98 a Yulin 2006, amma hakan bai mayar da ita kyauta ba. Wanda ba shi da lasisi kuma yana son ya koyi aikin, FreeDOS, wata babbar manhaja irin ta DOS, kyauta ce, kuma matakan BIOS da yanka faifai kusan iri ɗaya ne.
- Hoton fulofin tayar da Windows 98, fayil ɗin IMG mai megabait 1.44. Ba kowane CD na Windows 98 ke iya tayar da kwamfuta da kansa ba. Waɗanda ake haɗawa da sabuwar kwamfuta sukan yi, na kanti sau da yawa ba sa yi. Da fulofin a hannu ba ruwanka da wannan.

Ka ware wa wannan kwamfutar folda tata ita kaɗai. A ciki 86Box za ta ajiye 86box.cfg, wato saitin kayan, da foldar nvr mai riƙe da saitin BIOS, da kuma fayil ɗin faifan.

Haɗa kwamfutar

Buɗe Settings. Shafukan suna jere a gefen hagu, ka bi su daga sama.

A shafin Machine, zaɓi nau'in Socket 7 mai wuta biyu (Dual Voltage), sannan allon ASUS P/I-P55T2P4, wanda ke da chipset na Intel 430HX. Furosesa ka sa Pentium MMX mai gudun 166 ko 200. RAM megabait 64 ya isa, 128 kuma wadata ce. Ka bar alamar Dynamic Recompiler a kunne, domin in ka kashe ta gudun zai faɗi ƙasa warwas.

Ana yawan kwaɗayin Pentium II a kan allon ASUS P2B-LS, kuma yana aiki, amma sai kwamfuta mai ƙarfi sosai ke iya riƙe shi. 86Box na nuna gudun kwaikwayo da kashi cikin ɗari a saman tagarta. In yana tsaye a 100, lafiya. In yana sauka zuwa 70 ko 80, sauti zai fara karkarwa, wasanni su riƙa jan ƙafa. Maganin shi ne ka rage gudun furosesar da ake kwaikwaya. Pentium 166 da ke tafiya a 100 ya fi Pentium II 300 da ke rarrafe a 60 daɗin aiki nesa ba kusa ba.

Me ya sa ba za a zuba RAM da yawa ba? Windows 98 na ware wa ma'ajiyar fayilolinta ta wucin gadi adireshi gwargwadon yawan RAM, kuma wurin da take ɗebo adireshin ƙarami ne. Da an wuce megabait 512 sai ma'ajiyar ta cinye wurin, ka buɗe tagar DOS a ce maka ƙwaƙwalwa ba ta isa ba, alhali ta yi yawa ne. In aka haura gigabait 1 tana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Akwai gyara ta hanyar sa MaxFileCache a ƙarƙashin sashen vcache na SYSTEM.INI, amma da wuya ka sami manhajar wancan zamani da ke buƙatar ko da 256.

A shafin Display zaɓi S3 ViRGE/DX ko S3 Trio64 na PCI. Dalili ɗaya ne: direbansu na cikin CD ɗin Windows 98, ba sai ka je nema ba. Danna Configure ka ba katin megabait 4. Lissafin mai sauƙi ne: allo mai 1024 sau 768 a launi na bit 16 na cin kusan megabait 1.5, a bit 24 kuma ya haura 2, don haka katin megabait 2 ba zai ba ka cikakken launi a wannan girman ba. Katin Voodoo na wasannin 3D ka bar shi tukuna, sai Windows ta zauna.

A Input devices, linzami na PS/2. A Sound, Sound Blaster 16, ka bar shi a saitinsa na asali: adireshi 220, IRQ 5, DMA 1 da 5. A Network, nau'in haɗi SLiRP, kati kuma Realtek RTL8029AS, shi ma direbansa na cikin Windows.

A Storage controllers ka bar mai kula da faifai a Internal controller. Sai Hard disks: danna New, ba fayil ɗin suna, girma megabait 4096, hanya IDE, tasha 0:0. Nau'in fayil ka zaɓi VHD mai girma a hankali, wanda ba ya cin wuri sai gwargwadon abin da aka rubuta a ciki, kuma za ka iya buɗe shi daga kwamfutarka ta yau. Kada ka wuce gigabait 8. BIOS na wancan lokaci da yawa suna tsayawa a 8.4, wasu na Award suna maƙalewa in faifai ya haura 32, FDISK na Windows 98 yana rikicewa da lissafi bayan 64, ita kanta Windows ɗin kuma tana iya lalata bayanai bayan 137. Huɗu sun ishe ka, tunda Windows ɗin duka ba ta kai rabin gigabait ba.

Na ƙarshe, Floppy & CD-ROM drives: fulofi na farko inci 3.5 mai 1.44M, CD-ROM kuma a hanyar ATAPI, tasha 1:0. Raba su tasha daban-daban ya fi, faifai a ta farko, CD a ta biyu.

Tashin farko da BIOS

A ƙasan tagar akwai ƙananan hotunan fulofi da CD. Danna na fulofi ka ɗora fayil ɗin IMG, danna na CD ka ɗora ISO. In ka danna cikin allon, linzami zai shige ciki ya ƙi fita. Maɓallin tsakiya na linzamin ke sako shi.

Tashin farko zai tsaya da saƙon CMOS checksum error. Ba matsala ba ce, BIOS ne ke cewa bai taɓa samun saiti ba. Danna Del ka shiga. Abubuwa huɗu za ka taɓa:

1. Load Setup Defaults, don komai ya koma daidai.
2. IDE HDD Auto Detection. Zai nuna faifanka na Primary Master, ka karɓi zaɓin da ke da LBA. Sauran tashoshin ka tsallake su. CD ba ya fitowa a nan, kuma ba laifi.
3. A BIOS Features Setup, tsarin tashi ya fara da A sannan C, kuma ka kashe Virus Warning. Wannan kariyar tana hana rubutu a sashen farko na faifai, wanda kuwa dole mai ɗora Windows ya rubuta a wurin. In ka bar ta a kunne aikin kan daskare ba tare da bayani ba.
4. A Standard CMOS Setup, duba cewa Drive A na kan 1.44M, 3.5 in.

Sai Save & Exit Setup, ka amsa da Y.

Yanka faifai da share shi

Fulofin zai kawo jerin zaɓi. Ɗauki Start computer with CD-ROM support. Bayan rubuce-rubuce za ka tsaya a A:\>. Rubuta fdisk.

In ya ce No fixed disks present, BIOS bai ga faifan ba, ka koma mataki na biyu na sama. In ya gani, zai tambaye ka ko a kunna large disk support. Amsa Y. Ma'anarsa a yi amfani da FAT32. In ka ce N za a yi FAT16, wanda ba ya wuce gigabait 2 a yanki ɗaya. Daga nan 1, sai 1 kuma, don yin Primary DOS Partition, sannan Y ga tambayar ko a ba shi duk faifan a kuma mai da shi mai tayarwa. Fita da Esc.

Dole ka sake tayar da kwamfutar yanzu, ta menu na Action. DOS na raba haruffan faifai ne lokacin tashi kawai. Akwai tarko a nan da ke kama mutane da yawa: fulofin na ƙirƙirar ɗan faifan wucin gadi a cikin RAM inda yake zuba kayan aikinsa, kuma kafin a yanka faifan gaskiya, wannan na wucin gadin ne ke ɗaukar harafin C. Wanda ya rubuta format c: kafin ya sake tayarwa ba faifansa yake nufa ba. Bayan an sake tashi ne haruffan ke zama daidai: C faifanka, D na wucin gadi, E kuma CD. Fulofin da kansa yana faɗin harafin CD a layukan ƙarshe kafin A:\>, ka karanta.

Yanzu rubuta:

format c:

Amsa Y, ka jira ya kai ɗari, ka ba shi suna ko ka danna Enter kawai. Wanda ya tashi daga CD maimakon fulofi zai iya samun Bad command or file name, domin a can FORMAT na cikin foldar WIN98 ta CD ɗin, sai ya shiga can ya kira shi.

Kwafe fayilolin kafin a fara

Ana iya ɗorawa kai tsaye daga CD, amma kwafewa zuwa faifai ta fi. Windows 98 na da halin neman CD ɗinta duk sanda ka ƙara direba ko ka taɓa saitin sadarwa, kuma a tsakiyar ɗorawa akwai lokacin da take nemansa alhali ba ta riga ta gane na'urar CD ɗin ba. In fayilolin na kan C, daga nan za ta riƙa ɗauka har abada ba tare da ta tambaye ka ba.

e:\win98\smartdrv
md c:\win98
copy e:\win98\*.* c:\win98
c:
cd \win98
setup /ie /is

Layin farko na kunna SMARTDRV, wanda ke sa kwafin ya yi sauri ƙwarai. Fayilolin ba su kai megabait 200 ba. A layin ƙarshe, /ie na tsallake yin sabon fulofin tayarwa, /is kuma na tsallake ScanDisk, tunda faifan yanzu aka share shi. Wasu sukan kwafe zuwa C:\WINDOWS\OPTIONS\CABS kamar yadda kamfanonin haɗa kwamfuta ke yi. In ka bi wannan, mai ɗorawa zai ga akwai foldar WINDOWS ya ba ka shawarar C:\WINDOWS.000, sai ka gyara da hannu.

Ɗorawar kanta

Nan babu wahala. Karɓi C:\WINDOWS, zaɓi Typical, ba kwamfutar suna, zaɓi ƙasa. Lambar lasisi ana tambayarta ko a farko ko bayan tashin farko, ya danganta da irin CD ɗin. Kafin ya sake tashi na farko, cire fulofin daga hoton da ke ƙasan taga, in ba haka ba za ka koma A:\> ka zaci aikin ya lalace.

Zai sake tashi wajen sau uku. Wurin da ya fi tsayawa shi ne binciken kayan kwamfuta. Dubi ɗan hoton faifai a ƙasa: in yana ƙyaftawa, aiki ake yi, ka ƙyale shi. In ya yi shiru na mintuna da yawa kuma sandar ci gaba ba ta motsi, yi Hard Reset. An gina mai ɗorawar ne yadda zai tuna inda ya maƙale ya tsallake wurin a karo na biyu.

Bayan an ga tebur

Danna dama a My Computer, Properties, Device Manager. Duk abin da ke da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa, direbansa bai zauna ba.

Hoto: danna dama a tebur, Properties, Settings, ka ɗaga launi zuwa bit 16 da girma 800 sau 600 ko 1024 sau 768. In bai ba ka zaɓin girma ba, matsalar allon ce ba katin ba, sai ka canza Monitor zuwa Super VGA 1024x768 daga jerin na gama-gari. In ka zaɓi abin da ya sa allo ya yi baƙi, riƙe Ctrl ko danna F8 lokacin tashi, ka shiga Safe Mode ka mayar.

Sauti: Sound Blaster 16 na asali ba ya sanar da kansa, don haka wani lokaci Windows ba ta ganinsa. Je Control Panel, Add New Hardware, ka bar ta ta yi bincike. In ta gan shi amma sauti na maimaita kansa kamar faifan da ya kafe, rikicin IRQ ne, wato lambar da kati ke kiran furosesa da ita: wani katin PCI ya ɗauki lamba 5. Koma BIOS, sashen PNP and PCI Setup, ka keɓe IRQ 5 ga katin ISA. Tsofaffin wasannin DOS kuma suna neman wannan layi a AUTOEXEC.BAT:

SET BLASTER=A220 I5 D1 H5 P330 T6

Faifai: a Device Manager buɗe Disk drives, zaɓi faifan, Settings, sa alama a DMA, ka sake tayarwa. Windows 98 kan bar shi a kashe, kuma kunna shi na rage wa furosesa nauyi duk sanda ake karatu ko rubutu.

Sadarwa: Start, Run, rubuta winipcfg, zaɓi katin Realtek. In ka ga 10.0.2.15, haɗin ya yi. Kada ka sa ran shiga intanet ɗin yau da shi, domin Internet Explorer 5 da ke cikin Second Edition bai san hanyoyin ɓoye bayanai na zamani ba, mafi yawan shafuka za su ƙi buɗewa. SLiRP na da amfanin cewa yana ɓoye kwamfutar a bayan taka, babu mai iya shigo mata daga waje. Kada ka haɗa ta kai tsaye da hanyar sadarwarka, kuma kada ka shigar da kalmar sirrin wani asusu na gaske a cikinta. Manhaja ce da ba a toshe mata ɓaraka ba tun 2006.

Shigar da fayiloli da fitar da su

Jawo fayil da linzami ka saki a ciki ba ya aiki. Hanya mafi sauƙi ta shigarwa ita ce hoton CD na ƙasan taga, inda akwai zaɓin ɗora folda sukutum a matsayin faifai. Ka tara direbobi da manhajojinka a folda ɗaya, ka nuna masa ita, su bayyana a ciki kamar CD. Karatu kawai ake yi daga nan. Fayilolin da aka kwafo daga CD sukan zo da alamar Read-only, wadda ke hana wasu wasanni ajiye ci gaba, sai ka cire ta a Properties.

Don fitarwa, ƙaramin abu ya bi ta hoton fulofi. Babba kuma, kashe kwamfutar kwaikwayon gaba ɗaya, ka buɗe fayil ɗin VHD ta Disk Management na Windows ɗinka ta yau, ka kwafa, ka cire shi kafin ka sake kunna 86Box. In ɓangarorin biyu suka riƙe faifan lokaci ɗaya, tsarin fayilolin zai lalace.

Kashewa da ajiye kwafi

Kullum ka kashe ta Start, Shut Down. Wannan allon na ASUS tsohon samfurin AT ne, ba ya yanke wa kansa wuta, don haka za ka ga rubutu mai ruwan lemo na cewa It's now safe to turn off your computer. Sai a lokacin ka rufe tagar. In ka rufe da ƙarfi, ScanDisk zai tare ka a tashi na gaba, wata rana kuma ya tarar da ɓarna ta gaske.

Da zarar hoto da sauti da sadarwa sun zauna, kashe ta ka kwafe foldar kwamfutar dukanta, da VHD da nvr da 86box.cfg, ka ajiye gefe. Bayan haka ne za ka ƙara Voodoo, ko DirectX sabo, ko duk wani direban da ba ka yarda da shi ba, ɗaya bayan ɗaya, kana sake tayarwa tsakaninsu. Kuma kada ka canza babban allo bayan an gama ɗorawa. A wajen Windows wannan daidai yake da cire faifai a kai shi wata kwamfutar, za ta sake binciken komai daga farko, ta bar maka tarin direbobi biyu-biyu.

In QEMU ka fi so

Ga wanda kwamfutarsa ba ta iya riƙe 86Box a 100, QEMU, wata manhajar kwaikwayo ta daban, ta fi sauƙin nauyi, sai dai ba ta damu da daidaita gudu da na ainihin tsohuwar kwamfuta ba, don haka ta fi dacewa da manhajojin ofis a kan wasanni.

qemu-img create -f qcow2 win98.qcow2 4G

qemu-system-i386 -M pc -cpu pentium2 -m 128 -hda win98.qcow2 -fda boot.img -cdrom win98.iso -boot a -vga cirrus -device sb16 -nic user,model=pcnet -rtc base=localtime

Katin Cirrus da na sadarwa na AMD PCnet duk Windows 98 ta san su. Matakan FDISK da FORMAT da kwafe fayiloli ba su canza ba, babu dai shiga BIOS. Bambanci biyu ne. Ka kira mai ɗorawa da setup /p j, wanda ke tilasta masa amfani da ACPI, wato tsarin gano kayan kwamfuta da sarrafa wutarta. In ba haka ba yakan kasa ganin katunan PCI, ka tarar da Plug and Play BIOS da alamar gargaɗi a Device Manager. Sannan kada ka ƙara -accel kvm a kan sabuwar furosesa, domin hakan na mayar da kai ga kuskuren ƙwaƙwalwar da aka ambata a farko, sai in ka fara gyara fayilolin Windows ɗin da patcher9x, manhajar da ke gyara wannan kuskuren. Sanda mai ɗorawa ya zo sake tayar da kwamfutar karo na farko kuma, ka mayar da -boot a zuwa -boot c, don ta tashi daga faifai.